Giris Ta Mutu, Na Kasa Faɗa Wa 'Yata

Assalamu alaikum, Anti mai shawara.

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, domin ba ni da inda zan kai maganar nan sai wurinki.

Mu dai a gida da sauƙi. Maigidana yana shan maganin hawan jini, kumburin ƙafarsa ya sauka, sai dai fama da nake yi da shi a kan gishiri, har ƙulle shi yake yi a takarda ya ɓoye a aljihu kamar wanda ya sato. Ni gwiwa ce, ta hagu, in na durƙusa sai an miƙo mini hannu. Babban ɗana lafiya lau, matarsa ta sauka wata biyu da suka wuce, ita da jaririyar ƙalau. Mai bi masa tana can gidan mijinta, ciwon haƙori ne kawai ke damunta. Auta kuwa, wadda saboda ita na ɗauki biro, ba zan iya ce miki lafiyarta ƙalau ba, don ban sani ba, kuma ni na jawo. Sai kyanwarmu Giris. Ita ta mutu, yau sati biyar da kwana biyu.

Na san za ki ce duk manyan matsalolin da ake kawo miki, wannan baiwar Allah kyanwa ce ta dame ta. Ki yi haƙuri ki ji.

Auta shekararta ashirin da bakwai. Katafila take tuƙawa a wani kamfani mai yin hanya. Tun tana ƙarama hannunta ba ya zama. Ta kwance rediyon babanta tana aji uku, ta mayar da shi, ƙusa biyu suka yi saura, kuma ya ci gaba da magana. Ni burina ta zama malamar asibiti, in gan ta cikin fararen kaya. Da ta gama sakandare sai ta samo takardar makarantar koyon tuƙin manyan injuna, babanta ya sa mata hannu. Lokacin ban iya karatu ba. Takardar nan ta kwana uku a kan tebur, kullum ina ɗaga ta in goge ƙura in mayar, ban san abin da ke cikinta ba. Aka ce mini makarantar koyon sana'a ce, na ce Allah ya ba da sa'a. Sai da ta yi wata shida a can na ji gaskiya a bakin surukata, matar babban ɗana. Takaicin wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ina da shekara hamsin da uku, na rantse ba za a sake ajiye takarda a gabana in zama kamar bango ba.

Ranar da ta dawo bayan ta gama, na yi baƙi, mata huɗu ne a falo. Ta shigo da wasu manyan takalma, ta rungumo hular kwano ruwan ɗorawa a ƙirji, tana ta murmushi. A cikin hular akwai 'yar kyanwa, baƙa ƙirin da man inji, ba ta fi tafin hannu ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce, ashe maza biyu na haifa ban faɗa musu ba. Wata ta toshe hanci ta ce wa zai kwashi mace mai warin baƙin mai. Suka kwashe da dariya. Kunya da tsoro suka haɗe mini. A gabansu na ce mata, muddin ina numfashi kada ta kawo mini zancen aikin nan, ba na son ji, ba na son sani. Ta dube ni, murmushin ya tafi, ta ce to Mama. Shi ke nan. Yarinyar nan taurin kaina ta gado kaf. Shekara huɗu ke nan ba ta karya ba ko sau ɗaya.

Kyanwar da aka wanke sai ta fito toka-toka, da kunne ɗaya a tsage, amma sunan Giris, wato man injin nan, ya bi ta. Da aka tura su aiki nesa, tafiyar kwana biyu a mota, ta bar mini ita tare da tsohuwar hular, don a ciki take kwana. Ni da a da ko inuwar kyanwa ba na so a kicin, sai ga ni ina cire mata ƙayar kifi.

Sau biyu a shekara Auta take zuwa gida. Amma duk Lahadi da ƙarfe biyar na yamma sai ta kira, don ran nan ne ba sa aiki. Kiran yana da tsarinsa. Ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, ta tambayi ko babanta yana shan magani, ta tambayi me nake saƙawa. Duk wannan ba ya wuce minti uku. Sai ta ce, ina mutuniyata? A nan hira take buɗewa. In ba ta labarin yadda Giris ta sace kan kifi daga farantin babanta yana tsakiyar ba ni labarin siyasa, ko yadda ta warware mini zaren ulu ta zagaye ƙafafun kujera da shi, ko rigimarta da zakaran maƙwabta. Auta ta yi ta dariya har tana tari. Anti, a duniyar nan ba abin da nake jira kamar wannan dariyar. Mukan yi rabin awa, wani lokaci fiye. In labarin Giris ya ƙare sai mu yi shiru, ina jin numfashinta tana jin nawa, can ta ce to Mama, sai wani satin.

Ɓeran da ya ci guba Giris ta kama, shi ya yi ajalinta. Na sa ta a kwando na kai ta wurin likitan dabbobi da gwiwar nan tawa, ya yi mata allura, ya ce mu koma gida mu jira. Ba ta kai azahar ba. Maigidana ya haƙa rami a gindin lemon da ke bayan kicin, muka rufe ta.

Wallahi na yi niyyar faɗa. Lahadin farko na zauna da wayar a hannu, na shirya maganata. Sai na ji muryarta a gajiye, kamar wadda ta yi dako, ta ce ina mutuniyata. Bakina da kansa ya ce tana nan, ga ta can a cikin hularki ta miƙe ƙafa. Na ji ta saki numfashi ta yi 'yar dariya. Daga nan na ɗora. Na ce ta kori ƙadangare har saman katanga ta kasa saukowa. Yanzu har rubuta ƙaryar nake yi a bayan littafina na aji, da kwanan wata, don kada in maimaita wadda na riga na yi. Dubi abin da na yi da karatun da na sha wahala na koya.

A sati na uku ta ce in kara wa Giris wayar ta ji kukanta. Na dubi babanta. Mutumin nan mai furfura ya matso ya yi kukan kyanwa a bakin waya. Auta ta ce, Mama, Giris mura take yi ne, muryarta kamar ta wanda ya yi ritaya. Babanta ya toshe baki ya gudu bayan gida yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Tun ranar ba ta sake cewa a kara mata wayar ba, amma ba ta fasa tambaya ba. Satin da ya wuce ma cewa ta yi ta saya wa Giris 'yar sarƙar wuya mai ƙararrawa, za ta taho da ita.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Da na je duba jaririya, surukata ta yi suɓutar baki, ta ce ai hannun Auta ya warke sarai, tabo ne kawai ya rage. Na ce wane hannu? Ashe bara tafasasshen ruwan inji ya watso mata a hannun dama, ta kwana shida a asibiti. Kowa ya sani, har babanta, sai ni. Auta ce ta ce kada a gaya mini, tunda maganar aiki ce. Da ta zo hutu na ga tana ta sa riga mai dogon hannu, na ɗauka yayi ne. Na zauna na lissafa, wannan Lahadin ma ta kira ni. Tana kwance a gadon asibiti da hannu a naɗe, ni kuma ina ba ta labarin zakara.

Bayan mutuwar Giris na ɗauki hular zan ajiye a ɗakinta, sai na ga littafinta na makarantar injuna a kan kabad. Yanzu kullum in na gama aikin safe nakan zauna a bakin gadonta in karanta shafi ɗaya, ina bi da yatsa. Da yawa ba na ganewa. Amma na gane cewa direba ba ya tayar da inji sai ya zagaya shi da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya bubbuga murfi, ko akwai mai rai da ya fake a ciki. A gefen wannan shafin ta rubuta da jan biro cewa yau ta zagaya sai ta ji kuka, ta sami 'yar kyanwa kusa da fanka, da ta yi gaggawa da shi ke nan. A wani shafin ta rubuta da jan biron cewa yau ta hau inji ita kaɗai ta ture tudun ƙasa, malaminsu ya tafa mata, za ta ba Mama labari in ta koma. Ta koma, Anti. Ta shigo da labarinta a baki, ni na rufe shi.

Ana gyaran titi kusa da kasuwarmu. Da can nakan sauya hanya don kada in ga katafila. Yanzu nakan tsaya da kwandona ina kallo har rana ta dame ni. Ran nan direban ya sauko shan ruwa, na tambaye shi ko akwai zafi a can sama. Ya ce Hajiya, aikin za ki nema ne, mu ba ki gwaji? Na ce a'a, 'yata ce abokiyar aikinka. Shi ne karo na farko da na faɗa da bakina. Ya cire hularsa ya gaishe ni da kyau, na taho gida ina share hawaye da bakin mayafi.

Ina so in san tsayin kujerar da take zama. Ina so in san da wa take cin abinci, ko mazan nan suna ganin mutuncinta, ko akwai wata mace a wurin da za ta ce wa bayana yana ciwo. Ina so in ga tabon nan. Amma shekara huɗu ban tambaya ba, da wane baki zan fara?

Maigidana ya ce mu nemo wata toka-toka mu sa a hular, wai kyanwa duk kyanwa ce. Na ce kunnen fa, kai za ka tsaga? Babban ɗana ya ce in bari sai ta iso. Ni kuma ina tsoron in faɗa mata a waya ta kwana da abin, gari ya waye ta hau wannan ƙaton ƙarfe hankalinta ba ya jikinta. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, in babu Giris, me za mu ce wa juna? Kiran zai koma minti uku, daga nan ya koma sati biyu sau ɗaya, daga nan sai in ji labarinta a bakin surukata.

Za ta iso ranar ashirin da huɗu ga wata. Lahadi goma sha takwas ita ce kira na ƙarshe kafin ta taso. Don girman Allah ki ba ni amsa kafin wannan Lahadin, in san abin da zan ce in ta tambayi mutuniyarta.

Taki,
Uwar mai katafila

AMSA

Wa alaikumus salam, Mama.

Na karanta har ƙarshe, kuma ban ga abin raini a ciki ba. Dabbar da kika cire wa ƙaya shekara huɗu dole rashinta ya taɓa ki. Sannu da rashi.

Mu fara sallamar shawarar maigida. A bar kyanwar mutane da kunnuwanta. A gaya masa kuma na ce ya ajiye aikin kukan kyanwa, bai karɓe shi ba, ya mayar da ƙoƙarinsa wajen rabuwa da gishirin aljihu.

Shawarar babban ɗanki ma ban bi ta ba. In kika jira, 'yarki za ta yi tafiyar kwana biyu da ƙararrawa a jaka, ta shigo ta tarar da hula wayam, ga mutane tsaye suna kallon fuskarta. An taɓa yi mata haka sau ɗaya a falon nan, kada a sake. Ki faɗa mata ranar Lahadi. Tsoronki na hawa inji tsoro ne na uwa, ban raina shi ba. Amma Lahadi ranar hutunta ce, tana da yamma guda ta yi kukanta, kuma wadda ba ta tayar da inji sai ta zagaya shi ba mai wasa da ranta ba ce.

Ban da haka ma, ina kyautata zaton ta sani. Wadda ke gane ciwon inji da kunne ba za ta kasa bambance kyanwa da babanta ba. Ki lura, tun ranar ba ta sake cewa a kara mata waya ba. Ba ta so ta kunyata ki. Zancen ƙararrawar ma wataƙila ƙofa ce ta buɗe miki. In haka ne, ku biyun kuna riƙe da ƙarya ɗaya, kowa yana tsoron in ya saki kiran zai faɗi.

Ba zai faɗi ba. Ba a kiran kyanwa daga gadon asibiti, Mama. Muryar uwa ake nema. Kuma ki tuna daga ina Giris ta fito. Daga cikin injin ta ɗauko ta, a cikin hular aiki ta kawo ta. Ita kaɗai ce abin wurin aikinta da kika bari ya shigo gidanki, shi ya sa duk sati take tambayarta.

Ba zan ce ke kaɗai ce da laifi ba. Aikin yana da haɗari, hannunta shaida ne, kuma ba mugunta ce ta sa ki magana ran nan ba, tsoro ne da bakin mutane. Ita ma ta ja "to Mama" ya yi tsawo. Kwana shida a asibiti ba abin ɓoye wa uwa ba ne, kuma in ƙura ta lafa kina da damar gaya mata haka, ita da babanta. Sai dai ki duba abin da dokarki ta yi. Ba ta sauko da ita daga katafila ba, ba ta kare ta daga ruwan zafi ba, ke kawai ta hana zama a bakin gadonta. Matan da suka yi dariya sun koma gidajensu tun ranar. Kuma 'ya mai ladabi ba ta iya kwance maganar uwa. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance, da baki, a fili. Kada ki jira ta gane da kanta.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe sabon shafi a littafin nan naki na aji, ki rubuta abu uku don kada baki ya sake riga ki. Giris ta mutu ran kaza, ga yadda aka yi, ga inda take. Na ɓoye miki ne don ina tsoron ki daina kirana. Maganar da na yi a gaban baƙi na janye ta, ki yafe mini. Kada ki jira ta ce ina mutuniyata, da kun gaisa ki fara. In kin gama, ki yi tambaya ɗaya tak, ki ce yaya hannun. Sauran ki adana, shekara huɗu ba ta fita a kira ɗaya. Kada ki sako zancen aure, kada ki sako zancen barin aiki, ko da wasa. In ta yi shiru ko ta kashe waya, ki bar ta. Na lura a duk takardarki ita ce mai kira. To ranar Laraba ke ki kira ta.

Ki gaya mata kin karanta littafinta, kada ki fara sabon ɓoyo. In ta iso, ki wanke hular ki ajiye ta a falo inda kowane baƙo zai gani. Ki kai ta gindin lemon. Zancen wata kyanwar ki bar mata, in ta so ita za ta zaɓo. Gwiwar nan kuma ki kai ta asibiti kafin ashirin da huɗu, don ina jin akwai wadda za ta so ta ja ki bakin titin kasuwa ta nuna miki komai da sunansa.

Sannan ki zaunar da ita ki ce, ranar da kika ture tudun nan ke kaɗai, ba ni labari. Ta yi alkawarin wannan labarin da jan biro, kuma ba na jin ta manta ko kalma ɗaya.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya ranar Lahadi, ya tsare Auta a kan injinta, ya kawo miki ita lafiya, ya ƙara wa maigida sauƙi.

Antinku